Daɓen Babban Ofis

Ran Talatar da ta wuce jikata ta shigo da bokiti a hannu, ta dire shi a gabana ta ce, "Kaka, wannan ne makuba?" Ban ko leƙa ba, warin ya riga ta isowa. Ɓawon ɗorawa ne aka jiƙa, ruwan ya yi jajir, yana wannan ɗan tsami-tsamin da ke kama maƙogwaro. Na ce mata shi ne, amma bai nuna ba, a ƙara masa kwana uku. Nan take ta rubuta a waya. Yaran yanzu ko gishiri za su sa a miya sai sun rubuta.

Gini ta karanta a jami'a, kuma yanzu tana cikin masu gyaran tsohon Babban Ofis na garinmu Hadejia. Da ta fita, na zauna da warin nan a hancina har la'asar. Shekaruna sun doshi casa'in, abin da na ci jiya ba lalle in tuna ba, amma bazarar da aka yi wa ofishin nan daɓe tana nan a raina ba abin da ya goge. Bari in ba ku labarin, don cikin matan da suka durƙusa a wurin ni kaɗai na rage.

A gidan kakannina na wajen uwa na tashi. Mahaifiyata ta rasu ban isa yaye ba. Mahaifina masunci ne, ya bi ruwa gabas wajen tafkin Chadi, sai shekara-shekara muke ganinsa da ƙunshin banda. Kakana, wanda nake kira Baba, shi ne sarkin maginan gari, dogo, mai sanyin tafiya, amma in an taɓa sana'arsa bakinsa ya fi hannunsa sauri. Kakata kuwa, Iya, gajera ce, ba ta da yawan magana, sai dai in ta yi guda ɗaya ka kwana kana juya ta.

Mahaifiyata ita ce 'yarsu ta fari, kuma kunyar ɗan fari a wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce. Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba tana raye. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta yabe ta ba, aka ce ko ranar da aka fita da gawarta ba wanda ya ga hawayenta. Ni kuma na tashi ban san komai game da uwata ba. Ba hoto a lokacin. In na tambaya ko fara ce ko baƙa, sai Iya ta aike ni ɗebo ruwa ko da randa cike take. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai, har na ɗauka ba ta son ta ne.

Ina da kamar shekara bakwai aka soma ginin ofishin. Baturen ayyuka ya zo da zanensa a takarda, Baba ya duba ya ce ya gani, sannan ya yi abin da ya sani. Wata uku cur ba a ɗora ko tubali ɗaya ba, sai ciko ake yi, jakuna na ta kawo ƙasa ana dannewa. Mutane har sun fara cewa sarkin magina tudu aka sa shi yi. Shi kuwa cewa yake ruwan garinmu ba ta sama yake cin gini ba, ta ƙasa yake biyowa. Duk wanda ya zauna a bakin kogin nan ya san haka. Da damina fadama ta cika, sai ka ga gindin bango ya yi baƙi yana marmashewa alhali rufin lafiya lau.

Da bangon ya tashi kuwa, sai bakin kowa ya mutu. Kaurinsa ya kai in kwanta a kan taga in miƙe ƙafa. Azarar giginya daga nesa aka kawo ta a kan raƙuma, don gorubar da ta cika ƙasarmu ba ta da tsawon da ake so. A tsakiya babban zaure ne na taro, ba ginshiƙi ko ɗaya a cikinsa. Bakan gizo guda shida suka taso daga jikin bango suka haɗu can sama a ɗaurin guga, aka kifa tulluwa, wato ƙubbar rufi, a kai. Dama da hagu ɗakunan malamai masu rubutu ne, a baya ɗakin ajiyar takardu. Doguwar baranda da tagogin katako masu marfi, wannan dabarar Bature ce, kuma Baba bai ɓoye ba cewa ta burge shi. Zankwayen da ke kan kusurwoyi da indararon da ke zubar da ruwa nesa da bango, waɗannan namu ne. In ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi kamar ka sa hannu a randa. Ranar kasuwa mutanen Auyo da Kaugama, har da na Birniwa, sukan bar kayansu su zo su tsaya da baki buɗe.

Saura abu ɗaya, ƙasan zauren. A takardar Bature siminti aka rubuta. Jirgin ƙasa zai sauke shi a Malam Madori a ɗauko. To, shekarun babban yaƙin Turawa ne, jirgi na zuwa ya kwashi gyaɗa da fatu ya tafi, siminti kuwa shiru. Aka jira wata ɗaya, aka jira biyu, ga bazara ta kama, ga damina na tafe. Bature ya tara magina da wakilin hukuma a baranda ya ce, ta bakin tafinta, in ba siminti ba za a buɗe ofis ba. Danshi zai taso ya ci takardu. A rufe shi da kwaɗo sai yaƙi ya ƙare.

Rufe ginin ƙasa ba kowa ciki, kashe shi ne. Baba ya san haka: gara za ta shiga, jemagu su tare, ba mai lura da inda ya fara yoyo. Sai bakin nan nasa ya riga shi. Ya ce a gidansa akwai mai yin daɓen da ya fi siminti. Bature ya yi murmushi ya ce wannan zauren ba ɗakin amarya ba ne, kuma in an yi, ba ya son ganin aibi ko ɗaya, ko tsaga ko lotsawa. Baba ya dafa rawaninsa a gaban kowa ya ce in aka sami aibi, a tuɓe shi daga sarautar magina a ba wanda aka ga dama. Sarautar nan tun kakansa take gidanmu. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Abin da bai gaya musu ba shi ne, Iya ta shekara tara ba ta taɓa madaɓi ba. Madaɓi shi ne guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi, wanda mata ke bugun ƙasa da shi har ta yi tauri. A ƙuruciyarta duk ɗakin da ake so ya yi suna ita ake kira ta ja gaba. Ɗakin ƙarshe da ta daɓe shi ne wanda aka kai mahaifiyata, kuma a cikinsa ta rasu. Tun daga nan ta soke madaɓai biyu a jikin rufin ɗakinta, babba da ƙarami, ba ta ƙara kallonsu ba. Wannan ma ba daga bakinta na ji ba, ƙawarta ce ta gaya mini, wata tsohuwa Babarbariya ta unguwarmu.

Baba ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa yana ta gyaran murya. Da ya gama bayani Iya ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba.

"Da hannun wa ka yi alkawarin?" ta ce.

"Ai na san ba za ki bari in ji kunya ba."

"Malam, kai ka jawo ruwa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Kwana uku ba ta ƙara cewa uffan ba, shi kuma kwana uku tuwo na dawowa daga zaure da saura. Ran na huɗu da hantsi ta yafa zane ta ce in biyo ta. Muka shiga zauren ba kowa. Ta tuɓe takalmi, ta zaga sau biyu tana kankarar ƙasa da dunduniya, sannan ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon inda bakan gizon suka haɗu. Baba ya shigo a bayanmu yana sanɗa.

"Gini dai ka iya," ta ce masa. "Bakinka ne ba ka iya yi wa ƙofa ba."

Ta gindaya sharuɗɗanta. Namiji ba zai taka zauren ba sai an gama, ko da Baturen ne. A kawo ɓawon ɗorawa daga gonakin wajen Kaugama, a kawo bagaruwa daga fadama, a kawo ƙasar suri. Sannan, tunda ƙasarmu yashi ce da laka, ba mu da tsakuwa irin ta mutanen yamma, kowane gida a garin nan ya aiko da fasassun tukwanensa. Ta ce ƙasar da ta riga ta sha wuta ba ta jan danshi.

Aka yi shela. Abin da na gani a kwanakin nan ban ƙara ganin irinsa ba. 'Yan mata na ta zuwa da kwanduna, tsingaron tulu, gindin randa, kaskon tuya da ya tsage, har tukunyar da wata ta ce ta gadon uwarta ce, ta ajiye ta shekara ashirin ba ta iya zubarwa ba. Aka tara tuli biyu a bakin ofis, muka zauna muna farfasawa da taɓarya. Ku sani, ba wani tsohon gida a Hadejia da ba shi da tukunya a ƙarƙashin zauren nan.

Aka shimfiɗa tsingaron ya kai tsawon tafin hannu, aka bi shi da ƙasar suri, aka yayyafa ruwa. Sannan mata suka jeru, tsofaffi da zawarawa da mu 'yan mata, mun kai arba'in. Daga ƙurya ake farawa a riƙa ja da baya zuwa ƙofa, don kada wata ta taka abin da ta buga. Hannu ɗaya ake saukewa gaba ɗaya. In wata ta saɓa, Iya ba ta juyowa, daga ƙarar take ganewa ta kira unguwar su mai laifin. Ƙarar kan hau cikin tulluwa ta dawo mana, har masu kwale-kwale suka ce suna jin mu daga mashaya. Ana yi ana waƙa, kuma rabin waƙar zambo ce ga Baba, wanda ya jingina rawaninsa da bayan tsohuwa. Yana baranda yana ji, ba halin ya shigo.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. A buga, a bari ya sha iska, a zuba ruwan bagaruwa, a sake bugawa. Zafin bazara kuwa ba a magana. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Ni da farko ɗibar ruwan makuba aka sa ni, da wani guntun icce nake ɗan taɓawa a gefe. Sai ran ƙarshe da safe, za mu fita, Iya ta miƙa hannu jikin rufi ta zaro ƙaramin madaɓin nan, ta share shi da gefen zane ta miƙo mini. Ba ta ce na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Mariƙin ya yi santsi, akwai ɗan lotsawa inda babban yatsa ke zama, kuma nawa ya zauna a wurin daidai.

Ranar aka yi shafin ƙarshe. Makuba mai kauri aka malala, aka bi shi da bugu mai laushi, daga ƙurya har ƙofa. Da muka fito zauren ya yi ja mai duhu yana ɗaukar ido. Aka gicciya ƙaya a ƙofa. Iya ta ce kwana biyu ko kaza ba za ta shiga ba, ran na uku Bature ya zo ya duba. Aka yi guɗa, aka raba fura, kowa ya watse.

Sai da muka isa gida na ga hannuna wayam. Lokacin da aka ce 'yan mata su koma ɗibar makuba, na ɗora madaɓin a kan tagar ƙurya, ta can ciki, wadda ke rufe da sakata, na manta shi. Ban iya cin tuwo ba. Abin da aka ajiye shekara da shekaru, aka ba ni yini ɗaya na yar. Da gari ya waye, kafin a gama gaishe-gaishen safe, na zame na tafi, na janye ƙayar na shiga. Na yi wayo irin na yaro, na bi gindin bango a kan yatsu. Wajen ƙofa ya bushe ƙam. Ban san ƙuryar da iska ba ta kaiwa takan yi jinkirin bushewa ba. Na miƙa hannu na ɗauko madaɓin, na sauke ƙafar dama gaba ɗaya, sai na ji ta nutse.

Na ɗaga na duba. Ga sawuna nan ɓaro-ɓaro, dunduniya da tafi da yatsu biyar. Ba kuma yadda zan yi musu, don yatsana na biyu a ƙafar dama ya hau kan babban, haka aka haife ni, duk unguwa an sani. Na tsaya ina kuka ba sauti. A nan ƙawar Iya ta same ni, ta zo duba ƙayar. Ta aika aka kira Iya da wasu tsofaffi biyu.

"Abu mai sauƙi," in ji ƙawar. "A jiƙa a cike a buge. Kafin azahar ba mai cewa an taka."

Ni na riga na sallama bayana, ina jiran duka. Iya ta bi gindin bango ta zo ta tsuguna. Ta daɗe tana kallon sawun. Sai ta sa ɗan yatsa ta bi gefensa a hankali, ta tsaya a kan yatsan da ya hau ɗan'uwansa. Ta dubi ƙafata, ta dubi madaɓin da na ƙanƙame a ƙirji.

"Ƙafar uwarki ce," ta ce. "Har yatsan."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Ta ce ba mai taɓa wurin. Ta sa aka kawo makuba a ƙoƙo, ta tsoma tsumma ta shafe cikin sawun, lungu-lungu, yadda ake shafa wa jariri mai. Sau uku ta koma ranar tana ƙara masa.

Da yamma Baba ya ji. Ban taɓa ganinsa a tsaye a tsakar gida yana roƙo ba sai ranar. Ya ce aibi ko ɗaya aka ce, ya ce rawanin kakansa ne, ya ce me zai gaya wa magina.

"Malam," Iya ta ce, "ka yi alkawari da hannuna ba ka tambaye ni ba, na cika maka. Zaure guda na ba ka. Taki ɗaya nawa ne."

Washegari da safe na gan shi ya cika buta, ya zari babban madaɓin ya sa cikin riga ya fita. Iya ma ta gani, ta ci gaba da shararta. Ai ya kalli daɓe shekara arba'in, cike rami ɗaya ba zai gagare shi ba. Har rana ta yi sama bai dawo ba. Da ya shigo ya ajiye butar a inda ya ɗauke ta, na je zan gyara mata zama na ji ta cike. Shi ma 'yarsa ce ta fari, shi ma bai taɓa kiran sunanta ba. Ya wuce zaure, idonsa jajir, ya ce hayaƙi ne.

Ran dubawa mu mata muna baranda muna leƙe ta taga. Bature ya shigo da takalminsa mai ƙusa, ya taka ko'ina, ya juya dunduniya da ƙarfi, ba alama. Ya saki guduma daga tsawon ƙugu, ta yi tsalle. Ya fara gyaɗa kai. Sai ya isa ƙurya ya tsaya cak. Ya nuna wurin da sanda ya yi magana, tafinta ya ce, "Ya ce wannan fa?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ka gaya masa, duk takardar da za ta fita daga ofishin nan sai an sa mata hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Matan da suka yi aikin nan ba su iya rubutu ba. Wannan ne dangwalensu. In aibi ne, ga rawani."

Bature bai yi dariya ba. Ya ce shi ba ruwansa da kyau, ruwansa da danshi, kuma in akwai inda daɓen nan zai sha ruwa, to nan ne. Ya sa aka kawo moɗa, ya cika sawun da ruwa har baki. Ya ciro agogo ya duba, ya ce a je a zaga sauran ɗakunan. Suka tafi suka bar mu da shi. Ba zan iya gaya muku tsawon lokacin ba. Iya ta zauna ta jingina da ginshiƙin baranda tana ɓare goro kamar ba abin da ya dame ta, amma na ga goron ya faɗi sau biyu.

Suka dawo. Bature ya tsuguna ya leƙa. Ruwan na nan cike, hasken taga a kansa. Ya sa yatsa ya taɓa, ya miƙe ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya ce a shigo da tebura ran Litinin. Da zai fita ya tsaya gaban Iya ya cire hularsa. Ta ja mayafi ta ce wa tafinta, "Ka ce masa nan gaba ya riƙa goge takalmi kafin ya shiga."

Daminar shekarar kogi ya yi cika mai yawa, ruwa ya zo har matakalar ofis ta biyu ya kwana goma. Ko takarda ɗaya ba ta yi laushi ba. Baba ya riƙe rawaninsa har ya koma ga Allah. Ni kuwa abin da na samu ya fi rawani. Daga ranar, in muna tsintar shinkafa, Iya kan saki magana ɗaya ba tare da ta dube ni ba. Uwarki ba ta cin kuɓewa. Uwarki da hagu take daka. Uwarki in ta yi dariya sai ta rufe baki. Kaɗan-kaɗan na haɗa ta har ta zama mutum. Sunan uwata dai har Iya ta rasu ba ta faɗa ba, a bakin ƙawarta na ji shi, kuma ban ƙara jin haushin hakan ba.

Ofishin ya ga zamani iri-iri. A barandarsa aka sauke tutar Turawa. Bayan nan siminti ya wadata, wani ya ga daɓe ƙauyanci ne, aka malala masa siminti a kai. Aka ɗora kwano bisa tulluwa. Daga baya ma'aikata suka koma sabon gini mai bene, aka bar shi da jemagu, har aka yi maganar rushe shi. In na wuce a mota nakan kau da kai. Na ɗauka duk ya tafi, da daɓen da abin da ke cikinsa.

Jiya jikata ta dawo da rana tsaka, ba ta ko zauna ba ta ce in taso. Ta ce simintin ya ruɓe, ya riƙe danshi yana cin gindin bango, sun ɓamɓare shi. A ƙarƙashi sun tarar da wani abu ja mai tauri da bai ko tsage ba. Aka kai ni a Keke Napep, aka riƙe ni na hau matakala. Na ce a tsaya in tuɓe takalmi. Sanyin nan na nan yadda na san shi. Samari da 'yan mata da hulunan aiki sun taru a ƙurya, suna gardama ko sawun na wane ne, wani har ya ce na aljani ne. Suka buɗa mini hanya.

Ashe sawun ɗan ƙarami ne haka. Na dafa kafaɗar jikata na ajiye ƙafata ta dama a gefensa, duk ta yamutse ta kumbura, amma yatsan na nan a kan ɗan'uwansa. Na ce musu nawa ne, kuma shi kaɗai ne hoton uwata da nake da shi a duniya. Na yi kukan da Iya ba ta samu ta yi ba, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Sun ce dama za su sabunta daɓen ɗakunan gefe yadda aka yi na farko, shi ya sa suka jiƙa makuba, amma sun rasa mai nuna musu. Na ce ni bayana ba ya lanƙwasuwa, amma kunnena na nan, in wata ta saɓa hannu zan ji. Yau da safe na sa aka jawo akwatina, na ciro ƙaramin madaɓin na miƙa wa jikata. Ta juya shi, ta riƙe, babban yatsanta ya faɗa cikin lotsawar. Ta ce, "Kaka, na wane ne?" Na ce ta zauna. Na gaya mata sunan uwata.